Harbin da Aka Fasa: Nazari kan Girman Maharbi a Al'adar Farauta

Wanda ya saurari kirarin 'yan farauta, ko kiɗan da irin su Kassu Zurmi suka yi wa mazajen daji, zai ɗauka cewa ma'aunin wannan sana'a guda ɗaya ne, wato abin da aka kashe. Wane ya kar da ɓauna, wane ya shiga ramin kura ya fito da ita, wane bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Ko tsohon littafin tarihin Kano, da ya tashi nuna girman Barbushe na Dutsen Dala, da nama ya auna shi: maharbi ne da yake kashe giwa da sanda, ya ɗauko ta a ka ya yi tafiya mai nisa da ita. Haka bakin al'ada yake faɗa a dandali. Amma idan aka bar dandali aka duba yadda sana'ar take tafiya a hannun waɗanda suka tsufa a cikinta, sai a ga wani ma'auni na daban wanda ba a yi masa kiɗa. Maharbin da ya ƙware yakan kai matsayin da yinin da ya yi a daji, da abin da ya karanta a ƙasa da iska, suka fi masa daraja a kan abin da ya rataya a kafaɗa. Ina ganin wannan sauyi gaskiya ne, kuma tushensa sani ne, ba ƙoshi ko tsufa kaɗai ba. Alamarsa da ake iya gani ita ce harbin da mutum ya sami dama ya yi amma ya fasa.

Sai an raba hanyoyi biyu da Bahaushe yake bi ya nemi naman daji kafin maganar ta fito sosai. Ta farko ita ce farautar gayya, wadda ake yi da rani bayan an kawar da amfanin gona. Ana sanar da rana da dajin da za a shiga, garuruwa su haɗu, samari su fito da warki da layu da guraye, da gora da adda da barandami, kowa da karnukansa, makaɗa na biye suna zuga. Ana baje layi a kutsa cikin daji da ihu. Zomo ya tashi, karnuka goma su bi shi, mutum ashirin su bi karnukan, kuma sau da yawa rigimar da za a yi a kan gawar zomon ta fi kamun nasa wuya: wannan ya ce karensa ne ya fara kamawa, wancan ya ce gorarsa ce ta kayar, mai ƙarfi ya fizge, wuƙaƙe su fito, 'yan tauri su sami abin da suka zo nema. Wanda ya lissafa naman da ɗaruruwan mutane suke komawa da shi daga irin wannan fita, 'yan zomaye da gafiyoyi da zabi, wataƙila gada ɗaya ko biyu, ya san ba tukunya ce ta fitar da su ba. Kazar gida ta fi wannan sauƙi. Saurayin da ya yarda a sare shi a kan zomo shaida yake nema, abin da zai ɗaga a ƙofar gari 'yan mata da tsara su gani. Wato tun a matakin ƙuruciya naman ba don kansa ake son sa ba. Bambancin kawai, yaro yana bukatar gawa domin idon mutane.

Hanya ta biyu ita ce ta maharbi, mai shiga daji shi kaɗai ko da ɗansa, da kwari da baka a da, daga baya da bindigar adaka. Shi ba ihu a aikinsa. Babu abin da ya fi nuna irin wannan aiki kamar dabarar burtu, wadda har ta bar mana maganar shigar burtu a bakin yau da kullum. Maharbi yakan sassaƙa itace mai lanƙwasa kamar wuyan tsuntsun, ya sa masa baki da ƙoƙon kan burtu na gaske, ya lulluɓe da fata, wani ya manna jajayen 'ya'yan idon zakara don ado. Sai ya ɗaura shi a goshi da igiyar fata, ya rufe jikinsa da baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana tsattsagar fara. Barewa da gwanki sun saba kiwo kusa da burtu, ba sa gudunsa. Amma kan burtu shi kaɗai ba ya yaudarar kowa. Sai mai shi ya san ta inda iska take kaɗawa don kada ta kai warinsa, ya san yadda tsuntsun yake taku ya tsaya ya waiga, ya san wace dabba ce a garken take gadi, ya kuma iya haƙurin rarrafe a kan ƙaya da tsakuwa rana na dukan bayansa har ya matso inda kibiya za ta isa. Dafin kwankwani da ake shafa wa kibiya ba nan take yake kayarwa ba, don haka bayan harbi akwai bin sawu da ɗigon jini, wani lokaci har duhu ya yi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji masu iya magana, kuma wanda ya ci gwanki ta wannan hanya ya ci shekaru na koyo.

A nan ne hujjata take. Mutumin da ya iya matsowa kusa da garke haka yana ganin abin da mai gora ba zai taɓa gani ba. Yana ganin cewa wannan macen ciki gare ta, waccan kuma nononta ya cika, akwai ɗa kwance a wani wuri cikin ciyawa da zai mutu idan ba ta koma ba. Yana ganin cewa daga inda yake kibiya a cinya za ta samu, dabbar ta gudu ta mutu a inda ungulu kaɗai za su amfana. Ya san garken da ya rage a wannan fadama, domin shi ya ƙirga su bara da bara waccan. Kowane ƙarin sani ƙarin dalili ne na janye hannu, kuma sabon shiga ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, shi ya sa duk abin da ya motsa yake kai masa hari. Ba wai yaron ya fi mugunta ba. Daji ne bai buɗe masa ba tukuna, abu ɗaya yake iya karantawa a cikinsa: nama ko babu. Shi kuwa tsohon hannu, ko ya dawo jakarsa wayam, ya dawo da labarin inda ɓauna suka sauya mashaya, da sawun damisar da ta ratsa da asuba, da itacen maganin da ya gani ya yi toho. Yininsa bai tafi a banza ba, domin abin da yake girba a daji ya fi iri ɗaya.

Al'ummar Hausa ta san da haka ko da makaɗanta ba su rera shi ba, kuma shaidar tana cikin abin da take zuwa nema wurin tsohon maharbi. Ba tsire ake zuwa saye ba. Ana zuwa ne neman maganin sarar maciji, da saiwar da za a jiƙa wa mai ciwo, da taimako ga wanda ake jin ya gamu da iska a dawa. Maharbi yana cikin jerin masu magani na gargajiya tare da wanzami da maɗori da ungozoma. Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa, idan aka tambayi asalinsu, za a ce wani maharbi ne ya fara zama a wurin, domin shi ya san inda ruwa yake da inda za a iya kwana lafiya. Sarautun Sarkin Baka da Sarkin Dawa ba kasafai ake ɗora su a kan wanda ya fi kowa gudu ba. Ko a zamaninmu, lokacin da maharban Adamawa suka shiga yaƙi da Boko Haram har aka ba da rahoton rawar da suka taka wajen ƙwato Mubi a watan Nuwamban 2014, bindigoginsu na gida ba su kai na soja ba ko kusa. Abin da suke da shi wanda soja ba shi da shi sanin hanya ne da iya karanta sawu.

Wani abin sha'awa shi ne an taɓa auna wannan sauyi a wata ƙasa mai nisa da tamu. A ƙarshen shekarun 1970, malamai biyu na Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse a Amurka, Robert Jackson da Robert Norton, sun tattauna da mafarauta fiye da 1,000, suka fitar da matakai biyar da suka ga mutane suna bi. Da farko mutum harbi kawai yake so, ya ji ƙarar bindiga. Sai ya koma son cika adadin da doka ta yarda masa. Sai ya fara zaɓe, ba ya harbi sai babban namiji mai manyan ƙahoni da zai kafe a bango. Sai hankalinsa ya koma kan dabara, ya ajiye bindiga mai hangen nesa ya ɗauki baka ko tsohuwar bindiga mai ɗurin baki don ya ƙara wa kansa wuya. A ƙarshe sai fitar kanta, da abokan tafiya, da koya wa yaro, su ishe shi. Har yau ana koyar da wannan a darussan da ake ba masu neman lasisin farauta a can. Ba na ɗaukar jerin a matsayin tsani da kowa zai taka bi da bi, su kansu masu binciken ba su ce kowa yana kaiwa ƙarshe ba, kuma mataki na uku, na mai neman ƙaho, ni a ganina ɗan farautar gayya ne da ya yi kuɗi: har yanzu shaida yake nema don idon mutane. Duk da haka, a ce Ba'amurke mai farautar barewa a cikin dusar ƙanƙara da maharbin Gobir mai kan burtu sun doshi wuri ɗaya, wannan ya nuna abin daga sana'ar yake fitowa.

Suka ta farko da za a yi wa wannan magana mai nauyi ce. Za a ce zancen ƙoshi ne. Ba'amurken da firjinsa yake cike yana iya zama a kan bishiya ya kalli barewa ta wuce ya ce ya ji daɗin yini, amma wanda ya bar yara da yunwa a gida, ka ce masa ya daraja tafiya fiye da nama, ai ka raina masa hankali. Akwai gaskiya a ciki, kuma duk wanda ya yi wa mai yunwa wa'azin kyawun daji ya cancanci amsar da zai samu. Sai dai sukar ta haɗa mutum biyu da ba ɗaya ba ne, mai harbi don tukunyarsa da mai harbi don kasuwa. Na farko bukatarsa tana da iyaka, gada ɗaya ta ishe shi kwanaki, kuma shi ya fi kowa asara idan dajin ƙauyensu ya ƙare, don haka barin mai ciki a wurinsa lissafin abincin baɗi ne. Na biyun ne ba shi da inda zai tsaya, domin kuɗi ba ya ruɓewa kamar nama. Tarihin Amurka ya nuna haka ƙarara. Ɓaunar ƙasar, da ake ƙiyasta ta da miliyoyi masu yawa, ta koma 'yan ɗaruruwa a daji kafin ƙarshen shekarun 1880 saboda cinikin fata. Wata irin kurciya da garkenta yake rufe rana ta ƙare ƙaf, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914, bayan an yi shekaru ana loda su a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane. Ba mayunwata ne suka yi wannan ba, 'yan kasuwa ne. Kamun kai na tsohon maharbi ya girmi firji da daɗewa.

Suka ta biyu daga zauren malamai za ta fito, kuma ta fi ta farko kaifi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kusan kowace makarantar zaure a ƙasar Hausa, ya san hukuncin Malikiyya: farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Akwai kuma hadisin da ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. To idan maharbi ya ce ba nama ne ya dame shi ba, daɗin fitar yake so, ashe bai faɗa cikin wasan da aka ƙi ba? Kuma in har tafiyar ce muradi, me ya hana shi ajiye bindiga ya ɗauki kyamara, kamar yadda Jim Corbett, wanda ya yi suna wajen kashe damisoshi masu cin mutane a Indiya, ya karkata ga ɗaukar hotonsu daga baya? Amsata ita ce a duba wanda hukuncin ya fi kamawa. Abin da shari'a ta ƙi shi ne a zubar da jini don nishaɗi, a kashe abin da ba a bukata. Wannan siffar mai matakin farko ce, yaron da yake harbin kowane tsuntsu don ya ga faɗuwarsa, da kuma ta mai neman ƙaho da zai yanke kai ya bar gangar jiki. Maharbin da ya girma ya rage kisa ne, kuma ɗan abin da ya kashe yana cin sa, ya raba wa maƙwabta, ya jeme fatar. Daɗin da yake ji yana cikin sawu da iska da haƙuri, waɗanda babu jini a cikinsu. Sharuɗɗan da fiƙihu ya gindaya ma, daga ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya ko kare, zuwa horar da karen kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta nuna, zuwa gaggauta yanka abin da aka tarar da rai, duk suna tura mutum ga nutsuwa da ƙwarewa. Game da kyamara kuwa, wanda ya zaɓe ta bai yi laifi ba, amma ya bar sana'ar. Fasa harbi yana da ma'ana ne ga wanda kibiyarsa take kan tsirkiya kuma gidansa yake son naman. Shi ya sa ban yarda da masu cewa cikakken maharbi ya daina damuwa da nama ba. Yana damuwa, har ma ya fi yaro sanin darajarsa, tun da ya san abin da aka biya kafin a same shi.

Akwai mai cewa duk wannan tsufa ne aka yi wa ado: gwiwa ta gaji, ido ya rage, sai mutum ya ce ya daina son kisa. Wannan ba ta da wuyar amsawa, domin akwai tsofaffin da suka mutu suna zarin nama, akwai kuma ɗan shekara talatin da ya tashi a hannun uba nagari ya riga ya nutsu. Shekaru ba sa koyar da wanda hanyar farautarsa ba ta bukatar koyo. Abin da ya fi damuna ke nan game da halin da ake ciki yanzu. Mai ɗaura fitila a goshi ya shiga daji da dare, haske ya daskarar da gada ta tsaya tana kallonsa, ba ya bukatar sanin iska ko sawu, kuma ƙwayar ido biyu kawai yake gani, ba zai san mace ce ko namiji ba sai ta faɗi. Mai ɗana tarkon waya guda hamsin ya tafi gida ba ya nan lokacin da abin ya kama, balle ya zaɓa. Mai cinna wa daji wuta don ɓera da gafiya, da mai bin barewa a kan babur har ta faɗi don gajiya, haka. Waɗannan hanyoyi suna ba da nama ba tare da sun bi da mutum ta makarantar da take sauya shi ba, sai ya shekara arba'in yana farauta yana nan a matakin farko. Karen bana shi ke maganin zomon bana, haka ne, amma zomon bana bai sami sabuwar dabara ba, karen ne kawai ya sami fitila da babur.

Inda nake rabuwa da masu yabon wannan hali shi ne inda suke ɗauka cewa ya isa ya tsare daji. Bai isa ba. Maharbi ɗaya ya bar mai ciki, na bayansa ya harbe ta, abin da na farkon ya samu kawai shi ne ya kwana da yunwa. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a Najeriya sai a Yankari da dajin Tafkin Kainji, alhali ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa dattawan maharba masu kamun kai ba. Noma da kiwo da sare itace sun ci dajin, kasuwa ta ci abin da ya saura. Inda aka ga namun daji sun farfaɗo, doka ce ta tsaya wa halin kirki. Raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, da aka tsare su tare da haɗin kan ƙauyukan wurin suka haura 600. A Amurka, dokar 1900 ta toshe safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba tsakanin jihohi, ta 1937 kuma ta ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai, wanda yake kashi 11 cikin ɗari a yau, ana zuba kuɗin a kula da namun daji, kuma mafarauta da kansu suka goyi bayanta. Mataki na biyar da Jackson da Norton suka gani ya tsiro ne a ƙasar da aka riga aka ƙayyade lokacin farauta da adadin da kowa zai kashe.

Mu ma muna da irin wannan kafin Bature ya zo. Bikin buɗin daji da ake yi a yankunan Maradi da Konni da wasu sassan ƙasar Katsina, ko me mutum zai ce game da tsafin da ke cikinsa, yana ɗauke da ƙa'ida guda mai amfani: daji yana da lokacin rufewa da na buɗewa, kuma akwai dattawan da suke da ikon faɗin lokacin. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta zo da nata tsarin, wasu dabbobi an hana kashe su sam, wasu sai da lasisi, Yankari kuma an keɓe shi tun 1956. Sai dai dokar takarda ce da ma'aikacin gandun daji yake riƙe da ita, ba ta bi ta hannun Sarkin Baka ba, ta mayar da shi wanda ake zargi maimakon wanda ake tambaya. Yau ƙungiyoyin maharba sun fi ƙarfi da tsari fiye da kowane lokaci, suna da kaki da katin shaida da shugabanni tun daga gunduma har tarayya, amma kusan duk maganarsu da gwamnati a kan tsaro take, wa zai shiga daji ya kori ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Tsarin da zai iya tara maharba ɗari a yini ɗaya don bin sawun ɓarayi zai iya hana farautar fitila a dajin gunduma, ya kuma rufe daji a watannin da dabbobi suke haihuwa, idan jihohi suka ba sarakunan baka wannan iko a rubuce, da hukuncin da za su iya zartarwa a kan nasu mutanen.